Kwanakin Ɗori: Fina-finan da Suka Taya Ni Jinya a Dutse

Juma'a, 6 ga Disamba, 2024

Mai ɗori ya zo tun da hantsi. Ya kwance karan, ya shafa man shanu, ya murza ƙafar har sai da na yi salati da ƙarfi, sannan ya mayar ya ɗaure. Ya ce ƙashin ya fara kamawa, amma kada in kuskura in taka sai ya ba da izini. Akuya ce ta gitta mini ina kan babur, a hanyar dawowa daga makarantar da nake koyarwa. Ita ta tsira lafiya lau, ni ga ni a kan katifa a falo. Hunturu ya sauko sosai, hazo ya lulluɓe duwatsun da muke hangowa daga Takur, sanyi kuwa ya san inda karaya take.

Da aka sauko daga masallaci 'yan dubiya suka cika gidan. "Sannu Malam, ya jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya sa kaffara ne." Bayan sun watse sai ɗan yayana, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya ajiye mini kwamfutarsa a gefen katifa.

"Baffa, zaman nan zai ishe ka. Faɗi fina-finan da kake so, in je wurin masu turawa a cika maka."

Na lissafa masa: Mother India, Umar Mukhtar, Sangaya, Shaihu Umar, da duk abin da ya samu na Ibro. Ya yi dariya, ya ce in ban da na Ibro babu wanda bai girme shi ba. "Me ke cikinsu ne, Baffa, da ba ka gajiya da su?" Na ce ya je ya dawo tukuna. Tun da Allah ya zaunar da ni wuri ɗaya, zan riƙa kallo ina rubuta abin da na gani.

Asabar, 7 ga Disamba

Ya samo duka ban da Shaihu Umar. Mai turawar ya ce shi littafin ya sani, bai taɓa jin an yi fim ɗinsa ba.

Inna ta zo daga ƙauye tun ranar da abin ya faru, ta ce ba inda za ta sai ta ga na miƙe. Bayan isha'i na kunna Mother India, ta jawo tabarma ta zauna tana jan carbi. Ba ta jin Indiyanci, ba ta karanta rubutun da ke bi ta ƙasa, amma har aka gama ba ta nemi in fassara mata komai ba.

Mehboob Khan ne ya yi fim ɗin a 1957. An kai Radha, wato Nargis, ɗakin miji da bashi a kan gidan: uwar mijin ta karɓi rufi 500 a hannun Sukhilala, mai ba da kuɗi da ruwa, don a yi bikin fita kunya. Tsohuwar ba ta iya karatu ba. Ita ta ce kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona aka yi za a riƙa ba shi, takarda ta ce uku, dattawan gari suka bi takarda. Nan Inna ta fara magana: "Shi ke nan, sun zama bayinsa." Mijin ya shiga share wata gona mai duwatsu don su sami abin da ba na Sukhilala ba, dutse ya danne masa hannuwa biyu. Ya kasa jure a ce mace ke ciyar da shi, ya bar gida cikin dare, ba a sake ganinsa ba. Sai ambaliya ta zo ta kwashe sauran. Radha ta ɗora garma a kafaɗarta, ta ja da kanta a madadin sa, yaranta na biye.

Wane ɓangare ne na wannan baƙo ne a wurin mutumin Jigawa? Har gobe a ƙauyukanmu akwai wanda zai karɓi kuɗi ko taki a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan zai biya da buhu in kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu fasa dutse a gefen garin nan, ya dubi tafin hannunsu da yatsunsu, ba sai an yi masa bayanin hannuwan mijin Radha ba. Ruwa kuwa, mutanen Ringim da Miga da Jahun da Auyo ba su manta da 2022 ba, lokacin da ajujuwan firamare suka zama ɗakunan kwana.

Ana yawan cewa rawa da waƙa ne suka ja Bahaushe zuwa fim ɗin Indiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba su ne suka sa wannan ya yi shekaru yana cika silima a Kano ba, kamar yadda Brian Larkin, masanin da ya zauna can a shekarun 1990, ya rubuta. Ni dai abin da ke riƙe ni shi ne na san abin da mutanen gidan nan suke ci, na san inda suke samo shi, na san wanda ke ƙwace shi. Daga nan duk hawayen da aka zubar na san farashinsa.

A ƙarshe Birju, ɗanta mai zafin zuciya, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta. Radha ta ɗaga bindiga ta harbe shi. Inna ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ta yi daidai. 'Yar mutane ya ɗauka. Amma ita da barci sun raba hanya." Uwargida ba ta ce uffan ba a gaban surukarta. Sai da Inna ta shiga ɗaki ta matso ta ce mini a hankali, ita dai ba ta yarda akwai uwar da za ta iya ba, ko me ɗan ya yi.

Kafin Inna ta tashi na gaya mata cewa wanda ya fito a Birju, Sunil Dutt, shi ya auri Nargis a 1958, bayan ya fitar da ita daga wuta a wurin ɗaukar fim ɗin, kuma su suka haifi Sanjay Dutt da Kanawa ke kira Ɗan Daba Mai Lasin. Ta dafe ƙirji: "Subhanallahi! Ɗan nata?"

Lahadi, 8 ga Disamba

Babu wuta tun asuba, batirin kwamfuta ya ƙare. Ƙafa ta yi ta zogi. Kallon yau a cikin kai na yi shi.

Muna yara Dutse ba ta wuce hedikwatar ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Kano ba. Manyanmu majigi suka sani, wanda ake kafawa a fili da dare, har yanzu wasu tsofaffi na ba da labarin Baban Larai. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka kwararo daga Kano da iyalansu da talabijin da bidiyo, garin ya canza. Gidan kallo ya yawaita: zaure, benci, ƙaramin janareta a waje yana hayaƙi, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi.

A nan na kamu da fim ɗin Caina. Abokaina jira suke a zo faɗan ƙarshe a ga yadda za a kashe bos. Ni kuwa tsakiyar fim na fi so, wurin koyo. A Drunken Master na 1978 tsohon malami ya sa Jackie Chan ɗiban ruwa daga wannan tulu zuwa wancan har ya galabaita. A The 36th Chamber of Shaolin, shi ma na 1978, ɗalibi na hawa da bokitan ruwa hannuwa a miƙe, an ɗaura masa wuƙaƙe a damtse, in ya sassauta su soke shi. Duk wanda ya yi makarantar allo, ya ɗebo wa gidan malam ruwa, ya yi itace, ya san wannan tsarin. In jarumin ya zo ya yi nasara, ka ga inda ya biya kuɗinta.

Litinin, 9 ga Disamba

Yau kasuwar Shuwarin ke ci. Da yamma abokina na ƙuruciya, wanda ke harkar hatsi, ya biyo daga can, ƙura har gira, da ledar dabino da rake. Ya yi ƙorafin farashin gero da riɗi, ya sha ruwa, sai ya hango sunan Sangaya a kwamfuta. Ya cire hula ya gyara zama.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, a 1990, amma wanda ya juya kasuwar shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, a bakin shekarar 2000. Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Muhammad kuma Zubaina, 'yar aiki a gidan sarautar. Labarin ba shi da wani zurfi, tun daga farko ka san inda za a sauka. Waƙar ce ta yi aikin. Kiɗan fiyano ne, amma kana jin kamar kalangu da sarewa a ciki, kuma a shekarar babu gidan biki, babu shagon tela, babu motar haya daga Dutse zuwa Wudil da ba ka ji ta ba. Kaset ɗaya sai ya zaga unguwa, a ara a nan a kai can, har zaren ya fara cinyewa.

In da za a bi ma'aunina na shekaranjiya, Sangaya ba zai ci jarrabawa ba, domin ban da Zubaina ban ga mai wata sana'a a gidan nan ba sai soyayya. Duk da haka yana cikin nawa. Shi ne karon farko da na ga tufafinmu da fadarmu da irin kunyarmu an fito da su da ado, saurayi da budurwa suna faɗa wa juna komai ba tare da hannu ya taɓa hannu ba. Mun saba ganin wannan a wurin Indiyawa, sai ga shi da Hausa, da babbar riga.

Abin da ya ɓata mini rai hoton ne. Daga tsohon kaset aka kwafo shi, fuskoki sun dusashe, sauti na shaƙewa. Mother India ya girme shi da fiye da shekara arba'in, amma tas yake fitowa.

Hira ta koma kan 'yan fim ɗin da suka riga mu gidan gaskiya. Abokina ya tuna Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, wajen Azare, a kan wannan titin na Maiduguri da ya ratsa Shuwarin. Muka ambaci Balaraba Muhammad a 2003, Hauwa Ali Dodo a 2010, Hauwa Maina a 2018, da Saratu Giɗaɗo, Daso, a ƙarshen azumin bana. Muka yi musu addu'a, ya tashi don kada magariba ta riske shi a hanya.

Talata, 10 ga Disamba

Yau shekara goma cif da rasuwar Rabilu Musa Ibro. Allah ya jiƙansa. Wuni guda na ba shi.

Mutumin Ɗanlasan ne, a ƙaramar hukumar Warawa, kuma ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Irin fina-finansa ake kira camama, kuma 'yan boko irina sun daɗe suna ɗaga musu hanci a bainar jama'a, su koma gida su kalla har da riƙe ciki. Na san malaman da za su yi maka lacca a kan lalacewar fim ɗin Hausa a ɗakin malamai, amma in ka ɗauki wayarsu Ibro ne cike.

Me ya sa nake son sa? Da farko dai Hausarsa. Ba Hausar rediyo ba ce, ba ta cikin birni ba ce, ta ƙauyukan gabas da Kano ce, irin wadda za ka ji a tasha a Gaya ko a Kiyawa. In ya buɗe baki sai ka ce wani kawunka ne. Na biyu, Ibro kullum yana neman abin da zai ci. Yau boka ne, gobe direba, jibi malamin tsibbu ko maigadi. Yana da mata mai jiran cefane, yana da mai bin sa bashi a ƙofar gida, yana da dabarar da yake ganin za ta fisshe shi, mu kuma mun san a kansa za ta ƙare. Ga jar hula, ga wando ɗangalalle, ga ido yana juyawa yana lissafin ƙaryar da zai yi. Talaka bai taɓa ganin kansa a fim ɗin Hausa kamar yadda ya gani a wurin mutumin nan ba, kuma ba a matsayin abin tausayi ba, a matsayin mai wayo da ke kokawa da rayuwa.

Kuma duk abin da duniya ke ciki sai ya jawo shi ƙauye. Ana maganar Usama bin Ladan, sai ga Ibro Usama. Awilo Longomba ya cika gari da kiɗa, sai ga Ibro Awilo. Ibro Aloko kuwa har gidan yari ya kai shi a 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace fina-finai ta Kano. Tsohon gandiroba ya koma gidan a matsayin fursuna.

Ba zan rufe ido a kan aibinsa ba. Da yawa daga fina-finan a gurguje aka yi su, labari ya fara a gabas ya ƙare a yamma. Kwaikwayon Bafillace da Bagware da Bayarabe da Buzu wani lokaci yana wuce wasa ya zama raini, kuma na ga yara sun ɗauke shi sun kai makaranta suna tsokanar 'yan ajinsu. Amma yau Inna ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi, yara sun baje a ƙasa, ni kuma ina dariya ina riƙe ƙafa, don kowace girgiza sai ta taɓa ƙashin.

Laraba, 11 ga Disamba

Uwargida ta ce kwana da kwanaki ana kallon zaɓina, yau nata ne. Ita mutuniyar masu dogon zango ce: Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da Labarina na Aminu Saira wanda ya fara a 2020. Ta mayar da mu zangon farko na Labarina, lokacin da Nafisa Abdullahi ke fitowa a Sumayya.

Ban ƙi ba. Baba Ɗan Audu kaɗai, yadda Rabi'u Rikadawa ya riƙe shi, ya isa a zauna. Babu majalisar da ba ta da irinsa: uba mai baki kamar zuma, wanda ya mayar da samarin 'yarsa gonarsa. Daɗin Kowa ma ina girmama shi, don gari ne sosai, da mai shago da malamin tsangaya da ɗan siyasa da 'yan gudun hijira, da Kamaye da Adama suna faɗan abin da za a ɗora a tukunya.

Rigimar ta tashi ne da na fara sukar sauran, waɗanda suka cika YouTube. Gida mai bene, falo uku, motoci a jere. Alhaji ya tafi ofis. Me ake yi a ofis ɗin? A kawo fayil ya sa hannu. Kamfanin me yake sayarwa? Babu wanda ya sani, har wanda ya rubuta labarin. Saurayi ya dawo daga karatu a waje, aikinsa ɗaya, jingina da mota yana waya. Na ce mutumin da ban san abincinsa ba, yaya zan damu da soyayyarsa?

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, ni da ke wuni a kicin da bakin famfo, da dare kuma so kake in zauna in kalli wata tana wanke-wanke? Ka bar ni in leƙa gidan da ban taɓa shiga ba. Kai da kake zaune ana kawo maka, kai ne wahala ke burgewa."

Maganarta tana da nauyi, ban kuma sami amsar da zan ba ta nan take ba. Amma na lura da abu ɗaya: duk waɗancan masu benen ba ta tuna sunayensu bayan mako guda. Waɗanda take ba maƙwabta labari a kansu, har da kwaikwayon murya, Adama ce da Baba Ɗan Audu.

Alhamis, 12 ga Disamba

Alhamis ba karatu a makarantar allo, don haka maƙwabcina Alaramma ya shigo dubiya da hantsi bai fita ba sai azahar. Ba mai kallon fim ba ne. Na ce, "Alaramma, akwai wani ɗan'uwanka malami da nake so ka gani." Na kunna Lion of the Desert, wanda duk ƙasar Hausa ta sani da Umar Mukhtar.

Mustapha Akkad, mutumin Halab ta Siriya, shi ya yi shi, ya fito a 1981. Shi ne kuma ya yi The Message a 1976, tarihin farkon Musulunci, inda Anthony Quinn ya fito a Sayyidina Hamza. Quinn ɗin ne dai Umar Mukhtar a nan. Haifaffen Meziko ne, ba Musulmi ba, amma muna yara da ka faɗi haka a gidan kallo sai an yi maka ihu.

Italiya ta shiga Libiya a 1911. Umar Mukhtar ya yi shekara ashirin yana yaƙar ta da dawakai da tsofaffin bindigogi, ita kuwa da tankoki da jiragen sama. Musolini ya turo Janar Graziani, wanda ya tattara mutanen karkara a sansanoni, ya kuma ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar don ya yanke wa mayaƙan hanyar abinci da makami. Aka kama tsohon, aka rataye shi a Suluk ranar 16 ga Satumba, 1931, a gaban jama'arsa, yana da shekara saba'in da 'yan kai.

Akwai yaƙi a fim ɗin, mai yawa, amma ba shi ke dawo da ni ba. Farkon ganinka da mutumin, zaune yake a ƙasa da yara yana koya musu karatu, da ɗan tabarau a hanci. Malami ne, yaƙi ne ya zo ya same shi. Da mutanensa suka kama wani matashin hafsan Italiya suna so su kashe, ya hana. Alaramma ya gyaɗa kai a wurin nan ya ce, "Wannan ya yi karatu." A ƙarshe tabarau ɗin ya faɗi a gindin gungumen rataya, wani ƙaramin yaro ya ɗauka. Na saci kallon Alaramma, na ga ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Da na gaya masa Akkad ya rasu ne a 2005 sakamakon bam da aka tayar a wani otal a Amman, tare da 'yarsa, a hannun masu cewa jihadi suke yi, sai ya yi ta maimaita innalillahi.

Shi ne ya kawo maganar Haɗeja. A watan Afrilu na 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila, aka yi yaƙi a cikin gari, ya yi shahada tare da manyan fadawansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Nan cikin jiharmu, jikokin waɗanda suka mutu suna raye. "To ina fim ɗinsa, Malam?" Na ce maƙwabtanmu dai sun yi nasu: Med Hondo ya yi Sarraounia a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, kan Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet a 1899, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka a Wagadugu a 1987. Mu kuwa yaranmu sun fi sanin tsohon Libiya a kan sarkin da kabarinsa ke Haɗeja.

Juma'a, 13 ga Disamba

Mai ɗori ya duba, ya ce alhamdu lillahi, an kusa fara dogara sanda.

Ɗan yayana ya ce yau sai na kalli nasa. Ya kunna Baahubali na 2015, fassarar Hausa, irin wadda su Algaita suka yi fice a kai. Masu fassarar nan gwanaye ne, ban hana su ba. Ba'indiye ya buɗe baki sai ka ji karin maganar 'yan Kano, har da baƙar magana. Na gane abin da ya sa 'yan fim ɗinmu ke kuka da su a kasuwa. An kashe kuɗi a fim ɗin, ga ruwa na zubowa daga sama, ga giwaye. Amma da mutum ɗaya ya fara watsar da runduna, barci ya ɗauke ni. Na farka na tarar yaron ya rufa mini bargo ya tafi da fushinsa.

Asabar, 14 ga Disamba

Ya dawo da safe, fushin ya wuce. Ya ce ya zaga masu turawa har cikin kasuwa, babu mai Shaihu Umar.

Sau ɗaya na gan shi, a talabijin ɗin wani maƙwabci, ina yaro, kuma har yau ayarin raƙuman nan a cikin Sahara bai fita daga kaina ba. Adamu Halilu ne ya yi shi a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya samo asali daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Umaru Ladan ne Shaihun. Yaro ne daga Kagara, aka raba shi da uwarsa zamanin bauta, wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi ƙetaren hamada ya ba shi ilimi. Uwar ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su haɗu ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Duka da Hausa, da mutanenmu, tun kafin a haifi yawancin 'yan Kannywood. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Bajamushe ya gan shi tas, ɗalibin jami'a a Dutse bai san da shi ba.

A watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu, wato ɗan sarkin Sangaya, shugaban hukumar nan. Roƙona gare shi, a ɗauko Shaihu Umar a zaga da shi garuruwanmu kamar majigin da, a kafa farin ƙyalle a filin Aminu Kano Triangle ko a ƙofar fada a Garu, a bar mutane su shigo kyauta. A kuma nemi asalin su Sangaya da Wasila da na Ibro a hannun masu su tun kafin su ruɓe. Mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado, don Allah kada ya ba yara su yi wasa da zaren.

Masu shirya fim kuma, Mai Martaba da aka ɗauka a Daura, wanda Nijeriya ta tura gasar Oscar a bana, ya nuna ana iya fita daga falon Kano a yi abin kirki. Ku zo nan. Akwai mai gonar dabino da 'ya'yansa ke so su sayar a yanka filaye. Akwai matar da ke fasa tsakuwa tana biyan kuɗin makarantar ɗanta. Akwai manomin da ya ci bashin buhu goma ruwa ya cinye gonar, da dillalin da ke jiran sa. Ku sa soyayya a ciki, ku sa waƙa, har da gida mai bene saboda uwargida, amma ku nuna mana abin da mutanen ke ci da inda suke samo shi. Daga Kano zuwa Dutse tafiyar ba ta wuce awa biyu ba, kasuwar Shuwarin kuma ran Litinin take ci.